Ragon Suna a Zamanin Katin Rabo

Akwai hoton nan na kakarku ta wajen uwa da ke rataye a falo, wanda ta tsuke baki ta harɗe hannuwa kamar an kira ta shaida a kotu. Tun kuna ƙanana kuka yanke hukunci a kansa, kuka ce wannan tsohuwa ba ta taɓa ƙaunar babanmu ba, tunda baƙi ne ya zo ya auri 'yarta. Na sha jin ku kuna faɗa ina yin shiru, saboda bayanin yana da tsawo, ni kuma lokacin aiki ya sha mini kai. Yanzu aiki ya sake ni, ciwon gwiwa ya kama ni, sai ku zauna ku ji. Kun kuma ɗauka wai na je Ingila na tarar da daula. Ingilar da na tarar ta ci yaƙi, amma aljihunta fayau, kuma da idona na ga Bature magidanci yana lallaɓa ƙwai ɗaya don ya kai shi ƙarshen mako.

Bayan an sallame mu daga soja na bi jirgin ruwa ina zuba kwal a tukunyar wuta, har na sauka a ƙasar. Daga bakin teku na gangaro Manchester, don an ce akwai aiki a kamfanonin buga atamfa. Ni ɗan marina ne, na tashi hannuna shuɗi, saboda haka da suka ga na san launi sai suka sa ni wajen dama shi. A nan na haɗu da mahaifiyarku Nora, tana sashen ninke yadi. Muka yi aure, kuma da yake bama-bamai sun rushe gidaje ba a samun haya, sai muka tare a ɗakin sama na gidan iyayenta a Levenshulme, wani siririn gida cikin jerin gidaje masu manne da juna, bayan titin Stockport. Ku yi tunanin Bahaushe gida ɗaya da surukansa, matakala ɗaya, teburi ɗaya. Shekara guda na yi ban ɗaga ido na kalli fuskar kakarku ba. Ni ina ganin ladabi nake yi, ita kuwa tana gaya wa Nora cewa mutumin nan da ba ya haɗa ido da mutane lallai akwai abin da yake ɓoyewa.

Gwamnatin da ta hau bayan yaƙin ta tsara al'amuranta kamar maigidan da bashi ya yi wa katutu, amma ya rantse yaransa ba za su kwana da yunwa ba. Duk kaya mai kyau da ƙasar ta ƙera, waje ake kai shi a sayar don a samo kuɗin biyan bashi. Atamfar da nake dama wa launi, wadda matan Ikko da na Kano suke yanga da ita, Nora ba ta da ikon sayen ko yadi ɗaya, sai dai ta ninke ta sa a akwati. Abin da ya rage a gida kuma, nama ne, man shanu ne, sukari ne, an raba shi daidai wa daida da kati, kowa ya yi rajista wajen mahauci ɗaya da kanti ɗaya, ba ka wuce rabonka ko da kuɗinka ya kai tsayinka. Gwamnati ta karɓe ramukan kwal da jiragen ƙasa, ta shiga gina gidaje, tana ba yara madara a makaranta. Babban abin da ta yi, wanda har yau in na tuna sai na jinjina, shi ne ta ce daga yanzu likita kyauta ne ga kowa, har da ni da na zo jiya.

Wannan tsari shi ne abin musu a teburinmu kullum. Kakanku ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutum mai fara'a da son ciki, ba ya zama cin abinci sai ya yi tsaki.

"An ce mun ci yaƙi," in ji shi. "Ga shi ina shafa man shanu a burodi kamar mai sa wa ido magani."

"Shafa ka yi shiru, Tom," in ji kakarku. "Mai gidan sama da kati yake saye, kai ma da kati. Yaushe ka taɓa ganin haka a ƙasar nan?"

Da farko na ɗauka son gardama ne kawai irin na tsofaffi. Nora ce ta gaya mini dalili. Tana da ƙane namiji wanda ciwon maƙogwaro ya kama tun kafin yaƙi, lokacin kakanku ba ya da aiki. A zamanin likita ba ya taka ƙofarka sai da kuɗi a hannu. Kakarku ta tsaya neman abin da za ta jinginar, kafin ta haɗa kuɗin likita ya zo, yaron ya cika. Tun daga nan duk abin da ya shafi raba daidai ta riƙe shi kamar addini. Wanda ya sayi nama ta bayan fage, a wurinta bai da bambanci da wanda ya sa hannu a kwanon ɗan wani ya ɗebe.

To, sai ga Nora da ciki. Gwamnati ta sauya mata kati, aka ƙara mata madara da ƙwai, ana ba ta ruwan lemo a kwalba da wani man kifi mai ɗan karen ƙarni, wanda take toshe hanci ta haɗiye uwarta na tsaye a kanta. Ungozoma tana zuwa a kan keke ta duba ta, ba ta karɓar ko sisi. Kowa a gidan yana murna yana shirin kayan jariri, kakarku ta farke tsoffin labule tana ɗinka 'yan riguna. Ni kuwa abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, ragon suna. Mahaifina ya rasu ina yaƙin Bama, mahaifiyata ta riga shi. Baffana da ya rage ya yi fushi da auren Baturiya, ko amsa wasiƙata ba ya yi, balle in ce ya yanka a madadina a gida. Ina kwana ina tashi da tunanin ranar da zan kai ɗana ko 'yata Kano, wani ɗan uwa mai dogon baki ya ce ai wannan ko rago ba a yanka masa ba. Kun san abin da wannan magana take nufi a wurinmu, kuma kun san ba ta goguwa.

Na yi wa Nora bayani. Ta saurara tsaf, sannan ta tambaye ni ko zomo zai yi, don shi ba ya cikin kati. Da ta ga fuskata sai ta daina dariya. Ta ce in sani fa, doka ta hana kowa yanka dabba a gida, duk tunkiyar da ke ƙasar gwamnati ce ke saye ta yanka a kwata ta raba wa mahauta, wanda aka kama kuwa tara ce mai nauyi ko gidan yari.

Ina da aboki, Garba Bazazzagi, wanda muka yi Bama tare. Shi ya zauna a Birmingham yana aiki a gidan narka ƙarfe, yana haya a unguwar Small Heath tare da waɗansu Larabawan Yamal. Garba irin mutanen nan ne da ba a taɓa kawo musu matsala su ce ba su san hanya ba. Ya zo mana ziyara wata Lahadi, na ja shi bayan gida na faɗa masa damuwata.

"Haba Haruna, don wannan kake ramewa?" in ji shi. "Akwai wani mai lori da na sani, yana shigo da tumaki daga ƙauye a ƙarƙashin buhunan dankali. Ka kawo kuɗi kawai, no wahala. Mu yanka a gareji, ka ɗauko namanka a akwati."

Garba bai iya magana a hankali ba, kuma tagar kicin a buɗe take. Hausa kakarku ba ta ji ba, amma ta ji lori, ta ji gareji, ta ga yadda yake kwatanta yanka da hannu a wuya. Bayan ya tafi ta tsare Nora har ta faɗa mata. Da muka zauna cin abincin yamma ta ajiye cokali ta kira sunana yadda take iya faɗarsa.

"Hari, ka ɗago ka dube ni yau ɗaya."

Na ɗago da ƙyar.

"Ban hana ka addininka ba. Na raba maka tukunya, ban taɓa haɗa ta da naman alade ba. Amma in naman sata ya shigo gidan nan, kai za ka fita. 'Yata da abin da ta haifa su zauna, kai ka nemi wuri."

Kakanku ya buɗe baki zai ce wani abu game da daɗin naman rago, ta dube shi, ya mayar da dankali bakinsa. Ni kuwa na san ba barazana take yi ba. Na hau sama na zauna a bakin gado, raina a jagule, na rasa wanda zan ji wa haushi.

Ranar wata Talata da hantsi Yayarku ta iso duniya, a ɗakinmu na sama, a hannun ungozomar nan mai keke. Na yi mata huɗuba a kunne da sunan mahaifiyata, Maryam, shi ya sa ba ku taɓa jin na kira ta da shi ba sai Uwani. Da na riƙe ta na ji nauyinta a tafin hannuna, sai duk maganar doka ta fice mini daga kai. Ranar Asabar na ce zan je in sanar da Garba haihuwa, na sa 'yan kuɗin da na tara a aljihu na hau jirgin Birmingham. Kakarku ta bi ni da kallo har na sha kwana.

Garba ya kai ni garejin. Ragon yana nan kuwa, ƙato, an ɗaure masa baki da tsumma don kada ya yi kuka. Mai lorin sai leƙen titi yake yi yana cewa mu yi sauri. Na dafa bayan ragon na ji kitse, hannuna ɗaya yana cikin aljihu a kan kuɗin. Sai na tuna yadda ake suna a gidanmu, a ƙofar gida, da safe, gaban liman da dattawan unguwa, maroƙi yana ɗaga murya kowa ya ji. Ga ni nan zan yi wa 'yata nata a ɓoye, da rago mai ɗaurarren baki, in koma in yi wa surukata ƙarya ko in kwashe kayana. Na ce wa mutumin zan dawo bayan azahar. Garba ya yi ta mita a hanya, yana cewa Turawa sun lalata ni.

Muka je gidan hayarsu yin salla. Larabawan sun ware ɗaki ɗaya a ƙasa sun mayar da shi masallaci, limaminsu wani tsoho ne siriri, Shaihu Salihu, wanda ya yi shekaru yana aikin jirgin ruwa kafin ƙarfinsa ya ƙare. Bayan an sallame ya dube ni ya tambayi Garba me ya sami baƙon nan, an ce an yi masa haihuwa amma fuskarsa ta masu zaman makoki. Da guntun Larabcina na makarantar allo da guntun Turancinsa muka fahimci juna. Ya yi dariya har ya yi tari.

Ashe su Musulmin unguwar duk sun haɗa katinsu sun yi rajista wajen mahauci ɗaya, hukuma kuma ta yarda duk ranar Alhamis Shaihu ya shiga kwatar gari ya yanka musu da hannunsa abin da ya zama rabonsu. Rabon mutanen gidan da na maƙwabtansu in an haɗa, yakan tashi tunkiya guda.

"A ƙasarku in an yanka ragon suna, wa yake cinye naman?" in ji Shaihu.

Na ce rabawa ake yi, maƙwabta da 'yan uwa da mabukata.

"To mu ne maƙwabtan, mu ne mabukatan. Ka biya mahauci kuɗin dabbar wannan mako ta zama taka, ka zo ka yanka da sunan 'yarka, ka raba mana. Kowa ya ci rabonsa da gwamnati ta rubuta masa, ba a ƙara ba, ba a rage ba. Sai dai wannan karon sadaka ya ci."

Na juya maganar ina neman inda ta ɓalle, ban samu ba. Sai na ce amma sunan Talata ya kama, ba Alhamis ba.

"Ɗana, ba aikin kamfani ba ne da za a yanke maka albashi don ka makara. Ka zo Alhamis."

Haka aka yi. Na nemi izini a wurin aiki, aka ba ni ba tare da kuɗin ranar ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne suna a wani gari, mai jego da jaririya a wani gari, babu ko mutum ɗaya na jinina a wurin. Nora kaɗai na gaya wa, na ce kada ta faɗa wa uwarta sai na ga abin ya tabbata. Da sassafe muka shiga kwata ni da Shaihu da Garba, wani ma'aikacin gwamnati mai farar riga yana tsaye yana kallo. Dabbar da aka fito mana da ita ta sa na kusa fashewa da dariya. Rago ne, Shaihu ya duba ya tabbatar mini, amma ba ƙaho, gajere, gashi ya rufe shi har ido. A kasuwar Kano da kunya za ka ja shi. Na fuskantar da shi alƙibla, na yi bisimilla, na ambaci sunan Uwani da nawa, na yanka. Hawaye yana zubo mini, Garba yana ta faɗin barka da ƙarfi har mai farar rigar ya cire hularsa, shi ma bai san dalili ba.

Da azahar mahauci ya kawo naman gidan, aka shimfiɗa takardu a ɗakin salla, aka kasa shi yadda aka saba kasawa kowane mako. Mutanen suka shigo daga aiki da baƙin hayaƙi a fuska, Shaihu ya yi addu'a, aka shafa, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina miƙa wa kowa kasonsa. Kason fa bai cika tafin hannu ba, kuma da shi mutum zai yi mako yana tsaye gaban wutar ƙarfe. Da na gama na juya zan ɗauki hulata, don katina yana Manchester, ba ni da ko tsoka a ciki. Sai wani dattijo a cikinsu ya tambayi Shaihu, ita mai jegon me za ta ci? Kafin a ba shi amsa ya zaro wuƙarsa ya yanki gefen nasa ya ajiye a kan takarda. Na kusa da shi ya karɓi wuƙar. Haka ta zagaya ɗakin, ina cewa a'a, a'a, ba wanda ya kula ni. Garba ma ya yanka, ko da yake nasa yankan sai da na sa ido sosai na gan shi.

Da la'asar sakaliya na iso gida da ƙunshi a hammata. Kakarku tana bakin ƙofa, ta harɗe hannuwa, idonta a kan ƙunshin, jini ya ɗan ɓullo ta takardar. Ban jira ta tambaya ba. Na tsaya a kan matakalar waje na ba ta labari tun daga gareji har zuwa wuƙar da ta zagaya, ban rage komai ba. Ta karɓa ta shiga kicin, na bi ta. Ta buɗe a kan teburi. Gutsattsarin nama ne barkatai, wani da ƙashi, wani kitse zalla, babu biyu masu kama da juna. Ta daɗe tana kallo.

"Kowanne daga rabonsa ya yanka?"

Na ce e.

"Sun san Nora?"

Na ce ko sunanta ba su sani ba.

Ta juya mini baya ta ɗora tukunyata a wuta, na ga tana goge ido da gefen riga tana cewa albasa ce, alhali ba ta taɓa albasar ba tukuna. Ta dafa romo ta hau da shi sama da kanta, ta zauna har Nora ta shanye. Ba a ƙara maganar in nemi wuri ba, ranar ko bayanta.

Washegari ta tambayi Nora me Larabawa suka fi so. Nora ta tambaye ni, na ce shayi, da sukari mai yawa. Ku da kuka tashi a nan ba za ku gane ba, amma Baturen wancan zamani zai iya haƙura da nama, zai iya haƙura da wuta a murhu, shayi ne ba ya wasa da shi, kuma shi ma da kati ake sayensa, ɗan kaɗan. Kakarku ta je kanti ta karɓo ganyen shayin gidan na wata guda, nata da na mijinta da namu, ta haɗa da sukarin, ta ƙulle a jaka. Ranar Asabar ta sa hularta ta zuwa coci ta ce in wuce gaba in nuna mata hanya. Matar da ba ta taɓa wuce Manchester ba ta hau jirgi har Birmingham, ta tsaya a ƙofar gidan Larabawa ta miƙa wa Shaihu Salihu jakar, ta ce a gaya musu uwar mai jego ta gode, kuma gidanta ba ya cin rabon mutane ya yi shiru.

Wata guda cur ruwan zafi muka sha da ɗigon madara. Kakanku ya fi kowa shan wuya. Duk safiya sai ya ɗaga kofin ya leƙa ciki, ya dube ni, ya dubi silin inda kukan Uwani yake saukowa, ya yi ajiyar zuciya. Ita kuwa ko a jikinta, sai ta tura masa burodi ta ce:

"Shanye, Tom. Bikin sunan jikarka kake sha."